Gwiwar da Ta Ƙi Lanƙwasuwa

Yaya,

Ina gaishe ki. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau nake, in dai ba a tambayi ƙafa ba.

An yi aikin, ƙoƙon gwiwar ya daina gocewa. Sai dai ita gwiwar yanzu ta ƙi lanƙwasuwa. Likita ya ce aikinsa ya yi kyau, na taya shi murna. Da na tambaye shi yaushe zan iya sujada, sai ya shiga goge tabarau.

Kada ki gaya wa Inna tukuna. Ki dai ciro kujerar robar da marigayiya Kaka take sallah a kai, ki wanke, ki ajiye mini a ɗakina.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki