Maɓallan da Mijin Auta Ya Canza

Baba,

Na fita aiki kana barci, ban so in tashe ka ba.

Da safe na zauna zan buga maka wasiƙar ƙungiyarku ta 'yan fansho. Na danna Alt da Shift kamar kullum, kwamfuta ta ƙi komawa Hausa, sai Larabci take ta zubo mini. Ashe jiya mijin Auta ne ya canza maɓallan, wai nasa sun fi sauƙi. Ina kicin na ji ka kana ta sa masa albarka, har da "injiniyan gidanmu". Shekara shida ina fama da kwamfutar nan, ni na saka maka ƙ da ɗ da ɓ, ko sannu ban taɓa samu ba. Shi daga taɓa maɓalli biyu ya zama injiniya!

Na mayar da su yadda yatsunka suka saba. Ka danna Alt da Shift tare, harshe zai canza. Wasiƙar tana kan tebur, hannu kawai za ka sa.

In ta sake rikicewa, ka kira injiniyan. In bai ɗaga ba, kamar yadda ya saba, lambata tana nan ba ta canza ba.

Babbar 'yarka