An Naɗe Mini Ƙosai da Zanen Faifan Mahaifiyata

Zuwa ga Alhaji, mamallakin tsohuwar masaƙar atamfa da ke Challawa, wadda yanzu ta koma ma'ajiyar shinkafa da taliya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyali da harkokin kasuwa.

Sunana Lawan Isiyaku, a Panshekara nake zaune. Ba ku san ni ba, domin lokacin da kuka sayi wurin nan injuna sun daɗe da yin shiru, mu ma an sallame mu. Shekara ashirin da uku na yi a ɗakin zane, wanda ke saman bene kusa da tankin ruwa. Aikina shi ne zana adon da ake bugawa a jikin atamfa, da hannuna, da burushi da fenti. Ban so fitowa fili ba. Wasiƙa biyu na bari a hannun maigadinku, har yau ko tari ban ji daga gare ku ba.

Na ɗaya, ga yadda abin ya faro. Makonni uku da suka wuce, da safe, na tsaya wurin Baba Uwani mai ƙosai a bakin titinmu. Ta naɗe mini a wata takarda mai kauri. Ina buɗewa a gida sai na ga jan fenti, da'ira cikin da'ira. Na juya bayan takardar, sai ga rubutun hannuna da sa hannuna. Wallahi na kasa cin ƙosan nan, zama na yi a ƙasa ina kallonsa har ya huce.

Na koma na tambaye ta. Ta ce wajen wani mai sayar da tsofaffin takardu a Sharada take saro su, har tana yaba musu, wai sun fi jarida shan mai. Ban ga laifinta ba, sana'arta take yi. Na bi sawu har wurin mutumin, ya ce yaranku ne suka sayar masa a kan sikeli, kilo-kilo, tare da tsofaffin fayiloli da kwalayen sabulu.

Na biyu, bari in gaya muku abin da kuke aunawa, don na lura ba wanda ya buɗe ya duba. Kowane ado da kuka taɓa gani a jikin matan garin nan, mutum ne ya zauna ya zana shi. Sai mun gama cikakken zanen, sannan mu raba shi kala-kala: ja da takardarsa, baƙi da tasa, kore da tasa, saboda injin kala ɗaya yake bugawa a lokaci guda. Ba a sa sunanmu a jikin zani, lamba kawai ake bugawa a gefe. Matan kasuwa ne ke raɗa wa atamfa suna, su yi anko, su yi biki, ba su san da wani Lawan a duniya ba, kuma ban taɓa jin haushin hakan ba. Abin da ke kwantar mini da hankali shi ne, asalin zanen yana nan a durowar ƙarfe, da sunana a baya. Dokar kamfani ta hana mu fita da ko ƙyalle, a bakin ƙofa har aljihu ake laluba mana. Mun bi doka, mun riƙe amana. Ashe mai ƙosai muke yi wa ajiya!

Na uku, wanda shi ne ya hana ni sukuni. Takardar da ta faɗo hannuna ba kamar sauran ba ce. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, saƙar faifai take yi a ƙauyenmu na Jigawa. Ranar da zan taho Kano neman aiki ta ba ni guda ɗaya, ta ce in riƙa rufe kwanon abincina. Daga faifan nan na ɗauko adon. Wata biyu ina fama da shi kafin da'irorin su zauna yadda nata suke. Da aka buga, na kai mata turmi guda. Ta shafa, ta gane saƙarta nan take, ta yi ta dariya tana nuna wa maƙwabta. Zanin ya tsufa ya ƙare, faifan kuma ambaliya ta tafi da shi shekarar da ruwa ya shiga gidana. Hotonta ko ɗaya ba ni da shi. Abin da ya rage na hannunta a duniya shi ne zanen nan da ke ɗakinku.

Na huɗu, irin karɓar da aka yi mini. Sau huɗu ina zuwa ƙofarku. Manajanku ya bar ni a rana tsakanin tireloli, da ya fito ya ce duk abin da ke cikin ginin an saye shi, har ƙusa. Ban musa ba, Alhaji, naku ne. Amma da na ce a bar ni in hau bene in tsinci nawa, ko da saya zan yi a farashin kilon, sai ya yi dariya ya ce wai in je in sake zana wani, tunda ni gwani ne. Idona na dama ya yi yana, hannuna yana rawa, ko layi miƙaƙƙe ba na iya ja yanzu. Wannan magana ta ƙona mini rai fiye da sallamar da aka yi mana.

Yanzu kuma maigadinku ya shaida mini cewa ranar Asabar mota za ta zo ta kwashe ragowar, domin kuna son ɗakin don zuba buhuna.

Saboda haka ina roƙonku, don Allah, ku dakatar da motar nan. Ku ba ni yini ɗaya, ni da abokan aikina biyu da suka rage a raye, mu tantance takardun. Abin da ba namu ba ku ba wa makarantar da ke koyar da zane, yara su ga yadda aka yi aiki a garin nan. Idan duk wannan ya yi muku nauyi, to durowa ta uku daga taga, a can ƙasa, akwai jaka mai ruwan ƙasa da aka ɗaure da zare, a cikinta nake ajiye takardun zanen faifan. Ita kaɗai ku ba ni.

Allah ya ƙara muku buɗi, ya sa albarka a dukiyarku, ya jiƙan iyayenku, kada ya nuna muku ranar da za a ɗora abin da suka bar muku a kan sikeli.

Takardar jan tana hannuna, da tabon mai a tsakiyarta, na goge ta na sa a ƙarƙashin katifa. Baƙin da koren da cikakken zanen suna wajenku har zuwa Asabar.

Wassalam.

Lawan Isiyaku,
tsohon mai zanen atamfa, Panshekara.