Ba Zan Yi Jinya A Sabon Wasan Ba

Daren Laraba, Lugbe

Jibi za a buɗe sabon wasan intanet ɗin da muke jira tun bara, mai dodanni da matsafa. Kowa a ƙungiyarmu ta masu buga wasa da burinsa. Wani fatansa kawai netwok ya daina kashe shi kafin takobinsa ya sauka. Ni ban faɗi nawa ba.

Ɗazu ƙanena Nasiru, shugaban ƙungiyar, ya kira ni ina cikin gosulo a hanyar filin jirgi. Ashe har ya raba aiki.

"Yaya, ke ce mai jinya, kamar kullum. Ki tsaya a baya, in mun faɗi ki tashe mu."

"Da wa ka yi shawara?"

"Haba Yaya, ai kin fi mu haƙuri. In kin ƙi, dole mu ba wani gurbinki fa."

Haƙuri. Haka ya ce lokacin da Baba yake kwance, ina kwana a tabarmar asibiti, gari ya waye in wuce ofis, shi kuwa yana aiko da "Allah ya ƙara sauƙi" ta waya. Ɗazun ma ban ɗaga murya ba. Na ce Allah ya kai mu.

Na duba jaruman wasan. Akwai wata ƙatuwa mai gatari, ko ciwon kai ba ta iya warkarwa. Ita zan ɗauka. In Nasiru ya cire ni, ya cire. In ya bar ni, ranar da dodo ya kayar da shi zai waiwaya baya, ni kuwa ina can gaba.