Koriyar Kujera a Ƙofar Gidan Baba

Pittsburgh, Disamba

Yaya Bernadette,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Gene da wannan karen naku mai baƙin hali. Tunda kunnenki ya daina jin waya, ga ni na koma biro da takarda kamar zamanin Mama.

Dusar ƙanƙara ta rufe mu tun farkon wata. Ƙafar hagun tana nan yadda kika san ta, da safe tawa ce, da yamma sai ta ƙi jin magana. Likita ya ce ciwon jijiyar ba sauri yake ba, amma ba zai tsaya ba. Ya sa hannu a takardar neman shuɗin katin nan na ajiye mota a wurin nakasassu, ya ce in kuma nemi hukumar gari ta kafa mini allon keɓe wurin mota a ƙofar gida. Na jefa takardar a durowa. Ranar da aka ga katin a motata a makaranta, ranar za a fara neman wata mai dafa wa yara abinci. In babu kicin ɗin nan, me zai tashe ni da safe?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wani marar kunya yana share ƙanƙarar ƙofar gidanmu yana dasa kujera. Ƙofar gidan Baba fa! Kullum na dawo aiki tana nan zaune. Dole in gangara in ajiye mota can wajen coci, in hau tudun nan da ƙafa. Shekaranjiya na zame a gaban shagon aski, na zauna daɓas. Kar ki ce in ɗauke ta. Wanda ya sha wahalar share wuri ya sa kujera, wurinsa ne, kuma ba a gidanmu aka koyi taɓa kujerar mutane ba.

Ki gaida Gene. Taki,
Lorraine

Tucson, Disamba

Lorraine,

Mun gode Allah, muna lafiya, kare ma ya ce a gaishe ki. Wasiƙarki ta hana ni cin abincin rana.

Taurin kan Baba kika kwaso kaf, ba ki rage mini ko kaɗan ba. Katin ajiye mota ba takardar sallama ba ce. Maƙwabciyata tana da shi, kuma kullum tana bakin aikinta a banki. Ki fito da takardar nan daga durowa. Ki kuma je ofishin tallafin nakasa ki tambaya, don na ji ana iya rage awanni a ci gaba da aiki, a kuma nemi tallafin. Tambaya ba ta kashe kowa.

Ga kuma abin da ba kya son ji. In kika sake faɗuwa a tudun nan, ni da Gene za mu zo mu sa gidan a kasuwa, ki dawo nan inda ƙasa take a shimfiɗe. Na fi son ki yi fushi da ni a ɗakin baƙina da in zo in same ki da karyayyen ƙugu. Tsoro nake ji, ƙanwata, shi ke nan.

Kujerar kuwa, ba zan ce ki taɓa ta ba, ni ma 'yar layin ce. Amma wace iri ce? Motar wa ke kwana a wurin?

Allah ya tsare mini ke.
Yayarki,
Bernadette

Pittsburgh, Janairu

Yaya,

Barka da sabuwar shekara. Na gode da safar ulun, ba na gode da maganar sayar da gida.

Na je ofishin. Matar da na samu tana da kirki, amma tambayoyinta sun sa ni kuka a mota. Kina iya hawa bene? Kina iya ɗaga tukunya? Kina iya wanka ke kaɗai? A can ana so in nuna ba na iyawa, a wurin aiki kuma ina ta nuna ina iyawa, har ina dariya ƙafa na ci mini wuta. Ban san wacce ce ni a ciki ba. Na karɓo takardunsu, sun tarar da 'yar'uwarsu a durowa.

Na sake faɗuwa, amma gwiwa ce kawai, kar ki kira dillali.

Kujerar koriya ce, ta kicin, an naɗe ƙafarta ɗaya da jan tef. Abin haushin, ban taɓa ganin mota a wurin ba. Da asuba in zan fita babu ita, in na dawo an share wurin fes, ga ta. Mutum ya kama wuri don mugunta kawai! In na gano shi, sai ya ji bakina, don ni 'yar Stanley ce, jinin Baba.

Taki mai ɗingishi,
Lorraine

Tucson, Janairu

Lorraine,

Gaisuwa a gurguje.

Ke wace irin sakarya ce? Koriya mai jan tef! A kanta na zauna na sha miyar kabeji sau ba adadi lokacin da Mama take asibitin haihuwarki. Kujerar gidan Baba Dudek ce, na tsallaken titi. Marigayiya matarsa Stella ce ta naɗe ƙafar da hannunta. Mutumin da ya sayar da motarsa tun bara, wa kike zaton yake kama wa wuri?

Tsoho ɗan tamanin da ɗoriya yana fita da shebur cikin sanyin nan saboda ke, ke kuma kina wuce shi kina zaginsa a zuci. Na yi dariya har Gene ya leƙo, sai ya tarar hawaye nake.

Kina ɓoye ciwonki daga mutanen da suka ga ranar da kika fara tafiya. Ki tsallaka titi yau ɗin nan.

Yayarki,
Bernadette

Pittsburgh, Fabrairu

Yayata,

Ina gaishe ki, kuma na karɓi sakarcin, nawa ne.

Na tsallaka da tukunyar miya. Na same shi kwance a doguwar kujera da jakar ruwan zafi a baya, don shebur ya riƙe masa ƙugu tun makon jiya. Duk da haka ranar ma ya fita.

Na ce, "Baba Dudek, me ya hana ka gaya mini?"

Ya ce, "In ce me? 'Yar Stanley, na ga kina jan ƙafa? Da kin cinye ni ɗanye."

Na ce, "Ai ni na ɗauka ta wani ce."

Ya ce, "Ni kuma na ɗauka girman kai ne. Kullum ina taga ina kallo, ki rage gudu, ki harari kujerata, ki wuce. Na ce bari mu ga wa zai gaji." Sai ya ƙara da cewa, "Ranar da kika faɗi gaban mai aski, kusan duk layin nan muna labule. Kowa ya riƙe ƙofa ya kasa fitowa, don kar ki ji kunya."

Yaya, ban taɓa jin kunya da daɗi a haɗe irin na ranar ba.

Na cike takardun duka, na kati da na allo da na tallafi, don in ban yi ba mutumin nan zai kashe kansa a ƙofata. Na kuma faɗa wa shugabar kicin ɗinmu gaskiya. Ta ce, "Sai yanzu?" Ta kawo mini kujera mai tsawo gaban murhu, ta mayar da ni rabin yini. Maganar tallafi an ce sai na yi haƙuri, ana iya ƙi da farko. Zan jira. Amma yanzu a wurin kujerar nake ajiye mota, taku kaɗan ne zuwa ƙofa, saboda haka ki bar wa baƙi ɗakin baƙinki.

Taki,
Lorraine

Pittsburgh, Afrilu

Bernadette,

Dudek ne, ina gaisuwa. Ƙanwarki ta ba ni adireshinki.

Ma'aikata sun zo sun kafa allon, shuɗi ne, ba laifi. Yarinyar ta dawo mini da kujerata, har ta wanke ta. Na mayar da ita ƙofar gidanku. Allo na hukuma ne, wani zai iya yin kamar bai gani ba. Kujera kuwa babu mai taɓa ta a layin nan.

Yanzu in ta dawo aiki sai ta danna ham ɗin mota, in fito in janye mata. Dama tun rasuwar Stella babu mai zama a kai.

Kar ki sayar da gidan.

Naku,
Dudek