Tulun da Na Kifa a Bayan Ɗakinki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da durƙuso irin wanda kika koya mini, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Ladi. Ɗan rubutun da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci ne nake yi miki da shi, don ba ni da wanda zan gaya wa wannan magana sai ke.

Inna, Yaya Audu zai sayar da gida.

Murar nan da ta ɗauke ki ba ta bar Tudun Wada ba. Ta bi Kiru, ta bi Bebeji, an ce wajen Doguwa har Fulani sun tashi daga rugagensu. Ranar da kika cika, ba a sami maza huɗu masu lafiya a unguwarmu da za su ɗauki makara ba. Shi ya sa Yaya da liman suka haƙa miki a bayan ɗakinki, gindin lallenki. Ni na kifa fasasshen tulunki a kai, kada a manta wurin.

Gyaɗarmu ta tsiro a ƙasa, babu hannun cira. Rumbun da kike cewa ba a ganin gindinsa, yanzu ko kaji ba sa zagaya shi.

A zamaninku wa ya taɓa jin an sayar da gida? Mutum ya je wurin dagaci a nuna masa fili, a yi gayya, mata su kai fura. Yanzu maƙwabtanmu sun toshe zaurukansu da ƙaya. Wasu sun mutu, wasu sun gudu birni, can kuma an ce ɗaki sai da haya, mutane a cunkushe suna tari a kan juna. Gidan Tanko maƙeri an ba da shi a kan abin da bai kai kuɗin jaki ba. Masu awon gyaɗa ke saye. Bakin hanyar mota suke so, su rushe, su gina sito mai rufin kwano.

Shekaranjiya wani Alhaji a cikinsu ya zo ganin namu. Ina leƙe ta asabari yana auna tsakar gida da taku. Da ya zagaya bayan ɗakinki, sai na ga tulun ba ya nan. Yaya ya ɗauke shi, ya baje ƙasar, ya ɗaure akuya a wurin. Alhajin ya tsaya daidai kanki, Inna, da takalminsa, ya ce ta nan za a haƙa harsashi. 

Da ya tafi na ce, "Yaya, da uwar taka za ka haɗa a cinikin?" Bai mare ni ba. Da ma ya mare ni. Cewa ya yi, "In ya ji akwai kabari ba zai saya ba, Ladi. Shiga ki dubi yaran can, ki fito ki gaya mini abin da zan ba su."

Na shiga na duba. Takwararki, 'yar Yaya, tana kwance, ƙirjinta na ƙara kamar ana jan zarto. Wuyanta ya zama kamar sillen kara.

Na tuna lokacin da Baba ya rasu, dangi suka ce a rufe turakarsa. Kwana arba'in na cika kika buɗe, kika share, kika sa baƙuwar nan mai ciki da ruwa ya ci gidanta. Kika ce, "Ɗaki na mai rai ne." Na san abin da za ki ce mini ke nan yau, har da harara. Amma Inna, ina tsoron diga. In na ji ana sara a ko'ina cikin gari, sai in ga kamar likkafaninki ne ya fito.

Ranar kasuwa Alhajin zai dawo da magina. Yau da safe na kwance akuyar, na mayar da tulun. Yaya ya gani, ya ɗauki butarsa ya fita.

Zan tsaya a bayan ƙofar zaure in gaya wa Alhajin da bakina, ni da ban taɓa yi wa baƙon namiji magana ba. Zan roƙe shi ya bar miki taku huɗu, ya ja gininsa gefe. In ya yarda, alhamdulillahi. In kuwa ya shuri takalminsa ya tafi, ga gidaje nan birjik a gari, ba zai rasa ba. Mu ne za mu rasa. Ban san da wane ido zan dubi Yaya ba, ban san me takwararki za ta ci ba.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya hana ƙarfe taɓa shi. Ya ɗauke mana wannan ciwo. Ya sa wa bawan nan tausayi a zuciya. In kuma na zaɓe ki ne na cuci jikokinki, Inna, ki yafe mini, don na san ke ba za ki zaɓi kanki ba.

Taki har abada,
Ladi