Rabin Allon da Na Bari Fari

Zuwa ga Hajiya Sakinatu, rijiyar da ba ta ƙafewa da rani, inuwar tsamiya ga wanda rana ta gasa, farin watan tsufana.

Bayan gaisuwa mai yawa. Tsoho ne ke rubuto miki, tsoho kuwa ba ya gudu ko da zuciyarsa na sukuwa, sai ki yi haƙuri da ni.

Kin tuna lokacin da na fara rubutun allo a 'yar rumfa a Tudun Ƙofa, ba ni da komai sai buroshi da gwangwanin fenti? Ke kika fara kawo mini aiki, allon shagon ɗinkinki. Kika tsaya kina hararar hannuna, kika ce in ruwan farko ya wanke shi, za ki dawo mini da katakon in hura wuta. Damina nawa ta bi ta kansa? Marigayi maigidanki ya gan shi, marigayiya uwar 'ya'yana ta gan shi, Allah ya jiƙansu, ga shi har yau jawur kamar gauta.

Yanzu rumfa ta zama shago. Na sayi injin buga rubutu a riga. 'Yan makaranta daga Garaku, 'yan ƙwallo, masu anko, kowa zuwa yake. Kullum sunan ango da amarya nake bugawa a ƙirjin mutane, nawa ƙirjin kuwa ba mai tambayar abin da ke rubuce ciki.

A sabon allon shagona na rubuta sunana, Nababa, na bar rabi fari. Maƙwabta na dariya, wai mai allon kowa ya kasa gama nasa. Ban kasa ba. Gurbin sunanki ne: ki ɗinka, in buga.

Sai ga labari wai ɗanki Musaddiq zai ɗauke ki zuwa Abuja bayan bikin 'yar ƙawarki Mairo. Haba Hajiya! Wa zai ƙara kushe mini fenti?

Ankon bikin ni na buga. Ga ɗankwali biyu a ƙunshin nan: ɗaya irin na kowa, ɗaya na ƙara masa hoton 'yar allura kusa da furen da ke jikinsa. In mai allurar kika ɗaura ran bikin, washegari ƙannena za su kai goro gidan yayanki. In ɗayan ne, ba zan ce uffan ba, amma rabin allon nan fari zai zauna har ranar da za a ɗauke ni.

Naki, wanda launinsa ba ya zuba a wanki,
Nababa mai allo