Bizar da Na Ce Ba Ta Fito Ba

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan wasanka a can Amurka, ina sanar da kai cewa mu ma a Riyad lafiya lau muke. Na san Hausarka ta yi rauni, Larabci ya fi zama a bakinka, amma da Hausa zan rubuta, a fili kuma, don mutanen da suka ji ƙaryata da Hausa suka ji ta.

Shekaranjiya bayan Asuba abokan aikina na ma'ajiyar kaya a Al-Sulay suka kewaye wayar Malam Isa, limaminmu, muna kallon wasanka na farko a babbar gasar besbol. Ka hau tudun nan da ake jifa daga kansa, ka ɗaga ƙafa, ka jefa, mai sanda ya kai duka ya sami iska. Sau uku. Wallahi har Bangalawan da muke aiki tare sai da suka yi kabbara. Sai ɗan jarida ya tare ka, ka ce kana gode wa mahaifinka, wanda ya yi ta zirga-zirgar nema maka biza tun kana ɗan sha bakwai, Allah bai nufa ba.

Aka yi ta bubbuga mini kafaɗa, ana taya ni murna, mabruk, mabruk. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ka tuna farkon abin. Wani Ba'amurke mai koyarwa a makarantarku ya ga yadda kake jifa, ya sa ka cikin ƙungiyar yaran kwamfawun ɗinsu, unguwar nan ta Turawa mai katanga. Ka yi ta ɗirkar bangon bayan gidanmu na Al-Suwaidi da ƙwallo har siminti ya farfashe. Ni kuma nakan ce wa baƙi, ga ɗana can, jifan Shaiɗan yake koyo tun kafin aikin Hajji. Su yi dariya, kai ka sunkuyar da kai. Ban taɓa zuwa kallonka ba ko sau ɗaya. Na fake da kunyar ɗan fari, alhali raini ne kawai.

Da aka gayyace ka gwaji a Amurka, ka san dokar nan: kana ƙarƙashin iƙamata, takardar zamana a ƙasar, ba ka fita ƙasar sai na nemo maka izinin fita da dawowa. Na nema, Habibu, don mahaifiyarka ta hana ni sakat. Kwana huɗu ya fito. Na karɓo fasfonka, na zauna cikin mota ina jujjuya shi, tsoro ya kama ni: kar ka tafi ka lalace, kar a ce ɗan Sale ya tsallaka teku don wasan jifa. Sai na tura shi ƙarƙashin tayar safaya, na dawo gida na ce kafili, Balaraben da ya tsaya mana a ƙasar, ya ƙi sa hannu.

Mutumin nan bai san hawa ba, bai san sauka ba. Kun yi ta Allah ya isa a kansa, ni ina amin.

Ranar gwajin ka zauna a tsakar gida kana shafa wa safar hannunka mai, ka ce mini, Baba, kar ka damu, ka yi iya ƙoƙarinka. Wannan maganar ta fi zagi ciwo, kuma har yau ba ta sake ni ba.

Shekara biyu na cinye maka. Da kanka ka samo gurbin karatu a Amurka, ka bi ƙananan ƙungiyoyi gari-gari a bas, aka yi maka aiki a gwiwar hannu, ka koma ka fara daga tushe. Duk lokacin da aka ce ka makaro, shekarunka sun ja, na san wanda ya makarar da kai. Mahaifiyarka ta rasu ba ta sani ba, ita kam ba ni da inda zan aika mata takarda.

Ɗana, ina jin kunyarka. Ba zan ce ƙaddara ba, ni ne. Ka daina gode mini a gaban duniya kan abin da ban yi ba. Ka yafe mini in za ka iya.

Allah ya ƙarfafa wannan hannu naka, ya tsare ka daga rauni, ya ba ka 'ya'yan da za ka fi ni gaskiya a gare su. Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ya wanke kafili, bawan Allahn da na shafa wa baƙin fenti.

Jibi Juma'a, ranar da kake kirana in an sauko daga masallaci. Zan ajiye wayar kusa da ni. In ba ta yi ƙara ba, ba zan ga laifinka ba.

Mahaifinka,
Sale